Inji na mutuwa a tsakiyar ruwa? A fara bin tiyon mai

Assalamu alaikum 'yan'uwa masunta da masu fito, na Zobe da na Jibiya da ku na Daberam can wajen Daura. Wannan injin jirgin ruwa da kuke gani Yamaha ne mai ƙarfin doki 15, wani dattijo ya kawo mani shi jiya wai in buɗe kabureta, wato inda mai ke haɗuwa da iska kafin ya ƙone, in ya taso daga bakin ruwa lafiya lau, ya ɗan yi nisa sai inji ya kama shessheƙa ya mutu, ya dawo da filafili da rana tsaka. Na ce Baba a dakata da kabureta tukuna, mu bi hanyar mai tun daga tanki.

To ku kalli murfin tankin nan, akwai ɗan sukuru a samansa, shi ke barin iska ta shiga yayin da mai ke fita. In yana ɗaure tanki ba ya numfashi, inji zai ja ya ja har mai ya ƙi tahowa, har za ka ga tankin roba ya lotsa ciki. Na Baba a ɗaure yake tam, jikansa ne ya ɗaure saboda kada mai ya zube bisa mashin, kuma daidai ya yi, mantawa kawai aka yi ba a sassauta ba.

Sai wannan baƙar robar mai kamar ƙwai da ke tsakiyar tiyo, famfon hannu. Wallahi ita ce ke gaya maka komi in ka iya saurarenta. Akwai kibiya a jikinta, dole bakin kibiyar ya kalli inji, na sha ganin wanda ya sa ta a juye yana ta jan igiya har kafaɗa ta yi tsami. Ka ɗaga ta kibiya na kallon sama, ka matsa, ka matsa, ya kamata ta yi tauri. In inji na aiki ka ga ta shanye ta manne, toshewar tana ɓangaren tanki, ko sukurun iska ko 'yar matatar da ke ƙasan bututun cikin tanki. In kuma kana ta matsawa ta ƙi tauri, to iska na shiga ta wani wuri ko bawul ɗin cikinta ya mutu. In kuwa inji na shirin mutuwa ka matsa ta ya farfaɗo, ka saki ya sake laushi, ka zargi famfon mai na jikin inji, akwai 'yar fatar roba a ciki da ke yagewa.

Tiyon kansa ku lanƙwasa shi kamar haka, kun ga tsagar nan? Zafin bazara ne da shanya shi a rana, ba lallai mai ya ɗiga ba amma iska na shiga. Ku duba kilif, ku duba ɗan zoben robar da ke bakin inda ake soka shi jikin inji. Kuma don Allah kada a sayi tiyon ruwa a sa, fetur na cinye shi, ɓarɓashin ya tafi ya toshe kabureta, wannan abin na ba ni takaici don mutum arha ya bi ya jawo ma kansa asara.

Yanzu ga kofin matata a ƙarƙashin murfin inji, na kwance shi na juye a farar gora. Kun ga abin da ya kwanta a ƙasa? Ruwa ne, ya fi fetur nauyi, ga kuma ƙurar hunturu. Duk man da ka saya a galan a gefen hanya ka tace shi da tsumma mai tsabta, sannan haɗin a yi shi daidai, lita 25 na fetur rabin lita na man 2T, wato man injin da ake gaurayawa da fetur, sai in takardar injinka ta ce wani abu daban.

Duk wannan aikin ba taba, ba ashana kusa, a goge man da ya zube kafin a ja igiya. Bari in maida kofin in matsa famfo, yawwa ta yi tauri. Ƙafar injin na cikin durom ɗin ruwa don ba a tada shi a bushe. Bismillah, Baba matso ka ja da kanka.