Daciyawa da Romawa: wai wanene kakan mutanen Romaniya?

Zainab: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau mun tsallaka gabashin Turai, ƙasar Romaniya, kuma ina tare da Malam Kabiru da Auwal kamar kullum. Malam barka da zuwa.

Malam Kabiru: Barka kadai Zainabu, sannunku da aiki.

Auwal: Ni fa in faɗi gaskiya abinda na sani game da Romaniya bai wuce lokacin yaƙin Yukiren ba a 2022, da aka kwaso wasu ɗalibanmu ta can. Sai kuma motar nan Dacia.

Zainab: Toh ai ka ma taɓo zancen baka sani ba. Sunan motar nan sunan tsohuwar masarautar kakanninsu ne, Daciya. Malam abinda ya ɗaure min kai shine, Romawa ne suka zo suka rusa Daciya, suka yi sanadin mutuwar sarkinta, suka kwashe zinarenta, amma yau taken ƙasar Romaniya sunan Tarajan yake ambata da alfahari, wato sarkin Rum ɗin da yayi musu wannan aika-aika. Ya akayi haka?

Malam Kabiru: Sai mun koma baya kaɗan tukuna. Mutanen da ake cewa Daciyawa, Girkawa kuma suna kiran 'yan uwansu na bakin kogin Danub da Getawa, reshe ne na mutanen Tirasiya, suna zaune a tsaunukan Karfat da kewaye. Hirodotus masanin tarihin Girka ya ambace su wajen labarin yaƙin da Dariyus sarkin Farisa ya kawo yankin wajen shekara 513 kafin haihuwar Annabi Isa alaihissalam, yace a cikin mutanen Tirasiya sune suka fi jarumta da adalci. Kuma yace sun yarda basa mutuwa, in mutum ya bar duniya wajen abin bautarsu Zalmoksis yake tafiya.

Auwal: Shi yasa kenan basa tsoron yaƙi.

Malam Kabiru: Tsaya kaji yadda suke aika masa saƙo. Duk bayan shekara 5 sai a jefa ƙuri'a, wanda ta faɗa kansa shine ɗan aike. A faɗa masa duk buƙatun jama'a, wasu su riƙe masu guda 3 tsininsu na kallon sama, wasu su kama shi hannu da ƙafa su cilla shi sama ya faɗo akan masun. In ya mutu toh an karɓi saƙo. In bai mutu ba sai suce ai mutumin banza ne shi yasa, su zage shi su nemo wani.

Zainab: Innalillahi. Wato ka sha suka kuma ka sha zagi.

Auwal: Wlh ni ranar ƙuri'ar nan ina ƙauyen kakata, ba mai ganina.

Malam Kabiru: Hahaha. Toh haka suka zauna ƙabila-ƙabila har zamanin Burebista, wanda ya hau wajen shekara 82 kafin miladiyya, shine ya haɗa kansu suka zama ƙasa ɗaya mai ƙarfi har bakin Baƙin Teku. Yana da wani babban malamin addininsu mai suna Deceneu wanda maganarsa bata faɗuwa ƙasa, Sitirabo marubucin Girka ya rubuta cewa har gonakin inabi ya sa suka tuttuge don a daina shan giya. Burebista ya kai matsayin da yake tsoma baki a rigimar cikin gidan Rum, ya goyi bayan Fompe akan Yuliyus Kaisar. Kaisar yayi nasara ya fara shirin zuwa ya koya masa hankali sai aka kashe shi a shekara 44, shima Burebista nasa mutanen suka kashe shi a wannan tsakanin, ƙasar ta dare gida-gida.

Auwal: Toh shi Decebal ɗin da ake ta faɗa fa?

Zainab: Shi ai sarkin Daciya na ƙarshe ne, daga baya ne sosai, shekara 87 bayan miladiyya ya hau. Bari in karɓa anan Malam don wannan ɓangaren na fi so. A zamanin sarkin Rum Domitiyan, Daciyawa sun tsallaka Danub sun kashe gwamnan Rum na lardin Mosiya, aka turo babban kwamanda Korneliyus Fuskus shima suka kashe shi da rundunarsa. Daga baya Romawa sun rama a shekara 88 amma da akazo sulhu a 89, Rum ce fa ta yarda zata riƙa bawa Decebal kuɗi duk shekara, harda aiko masa da magina da masu sana'a. Shi kuma gogan naka ya karɓi kuɗin ya karɓi maginan ya ƙara ƙarfafa ganuwoyinsa dasu.

Auwal: Kai wannan ɗan duniya ne.

Malam Kabiru: Kuma kar kuyi zaton mutanen daji ne kamar yadda Romawa ke son nunawa. Babban birninsu Sarmizegetusa can saman tsaunukan Orashtiye yake, da ganuwar dutse sassaƙaƙƙe, da wuraren ibada, da maƙera, da bututun ruwa na yumɓu. UNESCO ta saka shi da wasu ganuwoyi 5 cikin kayan tarihin duniya a 1999. Tutarsu kan kyarkeci ce da jikin maciji, in iska ta shiga bakin sai ta riƙa kuka.

Zainab: Sai Tarajan ya hau yace shi bazai biya kowa ko sisi ba. Yaƙi biyu yayi dasu, na farko 101 zuwa 102, na biyu 105 zuwa 106.

Auwal: Naji ance akwai wani makami nasu da ya firgita Romawa.

Malam Kabiru: Eh, falks. Lauje ne dai babba mai doguwar ƙota, kaifin yana ta ciki, da hannu biyu ake sara dashi, sai ya zagayo ta saman garkuwa ya huda kwalkwali ko ya cire hannu. Dole tasa sojan Rum suka ƙara ƙarfe gicciye a saman kwalkwalinsu, suka sa sulke a hannu. Amma abinda ya karya Daciya ba takobi bane, aikin injiniya ne. Tsakanin yaƙin farko da na biyu Tarajan ya sa Afolodoras mutumin Dimashƙa ya gina masa gada akan Danub a Dorobeta, tsawonta ya haura mita 1,100, akan ginshiƙai 20. Tunda aka gama gadar nan magana ta ƙare, soja da abinci sai kwarara suke.

Zainab: A 106 suka kewaye babban birnin suka ci shi. Decebal ya gudu da 'yan mutanensa, mahaya dawakin Rum suka bi sawunsa, da yaga sun cimmasa sai ya yanka wuyansa da kansa, don yasan in suka kama shi da rai a titin Rum za'a ja shi da sarƙa ana masa ihu.

Malam Kabiru: Kuma abin mamaki mun san sunan sojan da ya kai kan Decebal gaban Tarajan, Tiberiyus Kalaudiyus Maksimus. A 1965 aka tono dutsen kabarinsa a arewacin Girka, shi da kansa ya sa aka rubuta wannan aikin a jiki tun yana raye.

Auwal: Toh zinaren fa? Ni nan nake jira.

Zainab: Kai dai da son kuɗi Auwal. Kasiyus Diyo masanin tarihin Rum ya bada labarin cewa Decebal ya sa fursunoni suka karkatar da wani kogi mai suna Sargetiya, aka haƙa rami a tsakiyar inda ruwan yake bi, aka zuba zinare da azurfa aka rufe da duwatsu, aka maido da kogin kan hanyarsa, sannan ya kashe fursunonin kaf don kar zance ya fita. Amma wani na jikinsa mai suna Bisilis da aka kama shi sai ya tona.

Auwal: Allah ya raba mu da na jiki irin wannan.

Malam Kabiru: Amin. Da wannan ganimar Tarajan yayi shagalin kwana 123 a Rum, 'yan wasan takobi 10,000 suka fafata, ya gina dandalinsa, kuma a 113 aka kafa ginshiƙin nan nasa da har yau yake tsaye, an sassaƙa labarin yaƙin gaba ɗaya yana nannaɗe dashi daga ƙasa har sama. Kusan duk kamannin Daciyawa da muke gani yau, hularsu da gemunsu da wandonsu, daga hannun maƙiyinsu muka samu. Ko yanka wuyan da Decebal yayi yana jikin ginshiƙin.

Zainab: Toh mu dawo kan tambayata Malam.

Malam Kabiru: Yauwa. Bayan yaƙi Daciya ta zama lardin Rum, aka kwaso mutane daga ko'ina cikin daular aka zuba, tsofaffin sojoji da 'yan kasuwa da masu haƙar zinare a inda ake kira Roshiya Montana yanzu, kuma harshen da ya haɗa su duka shine Latin. Amma zaman bai daɗe ba, wajen 271 zuwa 275 sarki Aureliyan ya janye soja da ma'aikata ya koma kudancin Danub. Shekara 165 zuwa 169 kenan kacal. Bayan nan ba wanda bai bi ta ƙasar ba, Gotawa, Hunawa, Abarawa, Silabawa, Hangariyawa, daga baya Turkawan Usmaniyya suna karɓar haraji. Duk da haka yau kaje Bukares babban birninsu harshen da zakaji ɗan uwan Italiyanci da Faransanci da Sifaniyanci ne, alhali maƙwabtansu Bulgeriya da Sabiya da Yukiren duk harsunan Silabawa suke yi. Sunan da suke kiran kansu ma daga sunan Romawa ya fito.

Auwal: Amma Malam harshe ai ba jini bane. Mu ma Hausa cike take da kalmomin Larabci bai maida mu Larabawa ba.

Malam Kabiru: Maganarka gaskiya ce ta ɓangaren jini, amma akwai bambanci. Mu aro mukayi, ƙashin bayan Hausa yana nan nata. Su kuwa ƙashin bayan ne Latin, nahawun da kalmomin yau da kullum, ruwa apa, madara lapte, mutum om. Aron nasu daga Silabawa ne, har eh ɗinsu, wato kalmar "da", daga can take, kuma da haruffan Siril suka riƙa rubutu har wajen 1860. Na Daciyawa kuwa abinda ake zaton ya rage kalmomi ne ɗari da wani abu, irin su branza wato cuku, yawanci na makiyaya da tsauni, kuma da yawansu suna da 'yan uwa a harshen Albaniya.

Zainab: Kuma anan rigimar take ko?

Malam Kabiru: Anan take. Daga tafiyar Aureliyan akwai ɗaruruwan shekaru da rubutattun bayanai kan masu wannan harshe a arewacin Danub suka yi ƙaranci ƙwarai. Rubutu mafi tsufa da ya rage da harshen ma wasiƙar wani ɗan kasuwa ce, Neyakshu, ta 1521, yana gargaɗin magajin garin Barashob cewa Turkawa na tahowa. Toh masanan Romaniya suka ce talakawa basu taɓa tashi ba, gwamnati ce ta tafi, Daciyawa da Romawa sun cakuɗu sun ci gaba da zama a tsaunuka. Wani masani ɗan Ostiriya Robert Rosla a 1871 yace a'a, a kudancin Danub harshen ya girma, daga baya makiyaya suka hauro, kuma masanan Hangari da dama suka riƙe wannan. Dalilin zafin kuwa yankin Taransilbaniya ne da Romaniya da Hangari suke taƙaddama akai, wa ya riga wani zuwa. A 1 ga Disamba 1918 aka shelanta haɗewarta da Romaniya a Alba Yuliya, yarjejeniyar Tiriyanon ta 1920 ta tabbatar, har yau abin yana yiwa Hangari ciwo.

Auwal: Wato ba neman ilimi zalla ake ba, takardar fili ake nema.

Zainab: Ni abinda na lura shine duk zamani da kakan da suke ɗaukowa. A ƙarni na 18 malamansu na Taransilbaniya da suke neman a basu haƙƙi kamar sauran, Rum suka riƙe, wasu har cewa suke Daciyawa sun ƙare ƙurmus mu jikokin Romawa ne tsantsa. Da Caushesku shugabansu na zamanin kwaminisanci yazo yana son nuna shi ba yaron kowa bane, ba na Mosko ba ba na Yamma ba, sai ya ɗauko Daciyawa, a 1980 akayi gagarumin biki wai cikar shekara 2050 da kafa ƙasar Burebista.

Auwal: 2050? Ko zagayayyen lissafi ma bai jira ba.

Zainab: Ina zai jira, so yake ace daga Burebista sai shi. Kuma abin bai mutu da shi ba, tsakanin 1994 da 2004 wani attajiri Yosif Konstantin Daragan ya biya aka sassaƙa fuskar Decebal a jikin dutse a bakin Danub, tsayinta ya haura mita 40. Akwai ma masu cewa wai Latin ce ta fito daga harshen Daciyawa, wanda masana harshe basu ɗauke shi da komai ba.

Malam Kabiru: Wannan kam son zuciya ne. Ni a ganina jama'ar da ta zauna a mararraba shekara 2,000 ba za'a ce mutum biyu ne suka haife ta ba. Daciyawa suna ciki, baƙin da Rum ta kawo suna ciki, Silabawa ma suna ciki sosai duk da ba'a cika son faɗa ba saboda basu da ginshiƙi a Rum.

Auwal: Ni dai har yanzu ina wajen Decebal. Mutumin da Rum ta biya shi haraji ai ba ƙaramin mutum bane.

Zainab: Kuma zinaren nasu har yau bai huta ba. A Janairun 2025 ɓarayi suka fasa ƙofar gidan tarihi na Drents a garin Assen na ƙasar Holan da abin fashewa, suka ɗauke kwalkwalin zinare na Kotsofeneshti wanda ya haura shekara 2,300, da mundaye 3 na zinare, duk aro aka bayar daga gidan tarihin Bukares don baje koli. Ranar Romaniya kamar anyi mutuwa, har shugaban gidan tarihin nasu sai da ya rasa kujerarsa.

Auwal: Malam lokaci fa ya tafi, mai ɗaukar sauti sai ɗaga min hannu yake.

Malam Kabiru: Toh mu tsaya anan. Sati mai zuwa in Allah ya kaimu sai mu shiga zamanin Usmaniyya da su Bilad mai tsire mutane.

Zainab: Wannan kam sai da rana za'a saurara. Mun gode jama'a, a huta lafiya.