Daga Yamai: yadda na mayar wa ƙaramar na'urar kiɗa kaurin muryarta

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu kallo na gida Najeriya da na nan Nijar. Ina yi muku magana ne daga ɗan shagona da ke unguwar Boukoki a birnin Yamai, inda na shekara shida ina gyaran rediyo da wayoyi tun bayan da na baro Kano. Wannan abin da ke tafin hannuna ƙaramar na'urar sauraron kiɗa ce, irin wadda ake sa wa memori a maƙala mata iyafis, ba ta da sunan wani kamfani a jikinta, kuma tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba. Ta maƙwabcina ce, wani dattijo tela mutumin Tahoua, wanda ya tara a cikinta kiɗan bukukuwan garinsu da aka kwafo daga tsofaffin kaset. Shekaranjiya ya ajiye ta a kan teburin nan ya ce da ni, "Ɗana, wanga abu ya canye mini ganga. Ina jin mawaƙi, ina jin 'yan amshi, amma gangar kamar ana dukan kwano." Na ce masa, "Baba, ku bar mini ita kwana biyu, in Allah ya yarda za mu ga inda gangar ta shiga."

Kafin in taɓa sukurdireba sai da na cire memorin na sa a kwamfuta, na saurara da wannan iyafis ɗin nasa. Ganga tana nan da kaurinta. Wannan ya tabbatar mini cewa ba daga kaset ɗin asali matsalar ta taso ba, ba kuma daga iyafis ba, tana cikin na'urar ne. Ina roƙon duk mai wannan sana'a da kada ya tsallake wannan mataki, domin idan tun wurin kwafa aka rasa kaurin sautin, ko aka matse waƙar fiye da kima don ta ci ƙaramin wuri a memori, to babu wani gyaran cikin na'ura da zai dawo da abin da ba a ɗauka ba tun farko.

Ga shi na buɗe murfin baya. Abu na farko shi ne raba batir da fanel, wato koren allon da aka liƙa kayan ciki a kansa, domin batirin litiyom ne mai bolt 3.7, wanda yake kaiwa 4.2 idan ya cika, kuma idan bakin ƙarfen liƙi ya huda shi ko ya haɗa wayoyinsa biyu yana iya kumbura har ya kama wuta. Na cire jar wayar na naɗe bakinta da salatif. Idan lokacin hunturu kuke wannan aiki, sa'ad da iska ta bushe har tufafi ke yin ƙas-ƙas, ku taɓa wani babban ƙarfe tukuna kafin ku taɓa fanel, saboda ɗan tartsatsin da ke taruwa a jikin mutum ya isa ya kashe aisi, wanda zan nuna muku yanzu.

Bari in matso da kyamara. Wannan baƙin abu mai ƙafafu da yawa shi ne aisi, kuma shi kaɗai yake karanta waƙar daga memori, ya mayar da lambobi su zama sauti, sannan ya ƙara wa sautin ƙarfi da 'yar amfilifayar da ke cikinsa. Ku bi waɗannan siraran layukan tagulla guda biyu da suka fito daga gare shi suka nufi ramin iyafis, ɗaya na kunnen dama, ɗaya na hagu. A kan kowane layi akwai kafasita ɗaya, abin da masu gyara na nan suke kira kondansatar, kuma an rubuta 47 a jikin kowacce, wato maikirofarad 47, ma'aunin girman kafasita ke nan. A nan gangar Baba take maƙalewa.

Dalilin sa waɗannan kafasita yana da kyau a fahimce shi. Na'urar da ke aiki da batir ɗaya ba ta da wutar da ke ƙasa da sifili, saboda haka amfilifayar takan tsayar da bakinta a wajen tsakiyar wutar da take samu, sautin kuma ya riƙa hawa da sauka a kewayen wannan tsakiya. Idan aka bar wannan tsayayyar wuta ta wuce kai tsaye cikin iyafis, za ta dumama siririyar wayar da ke naɗe a ciki, har tana iya lalata ta. Aikin kafasita shi ne ta tare tsayayyar wuta ta bar mai kai-komo ta wuce, wadda ita ce sautin. Sai dai tana yin haka ne da sharaɗi: sauti mai saurin kaɗawa, kamar na algaita ko muryar mata, yana ratsa ta cikin sauƙi, shi kuwa mai kauri wanda yake kaɗawa a hankali sai ta riƙa rage masa ƙarfi. Iyakar inda ragewar take farawa ta dogara ne ga abu biyu, girman kafasitar da kuma turjiyar iyafis ɗin da aka maƙala.

Lissafin ba shi da wuya, kuma ga shi na rubuta a wannan takarda. Ku ninka turjiyar iyafis, wadda ake aunawa da om, da girman kafasita a maikirofarad, sannan ku raba 159,000 da abin da ya fito. Na auna iyafis ɗin Baba da mita na samu kusan om 32. Idan aka ninka 32 da 47 za a samu 1,504, idan kuma aka raba 159,000 da wannan adadi za a samu kusan 106. Ma'anarsa ita ce, sautin da ke kaɗawa sau 106 a daƙiƙa ɗaya, wato haz 106, rabin ƙarfinsa kawai yake isa kunne, kuma duk abin da ya fi shi kauri asararsa ta fi haka, har ya zama a haz 50 an rasa fiye da desibel 7, desibel kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin sauti. Kunnen ɗan Adam mai lafiya yana ji daga wajen haz 20 zuwa 20,000, tushen muryar namiji baligi kuwa galibi yana tsakanin 85 da 180. Kun ga ke nan ba ganga kaɗai aka tauye ba, har da kaurin muryar mawaƙin kansa. Da iyafis mai om 16 Baba yake amfani, irin wanda ya cika kasuwa, da iyakar ta hau zuwa sama da haz 200, kuma da abin ya fi haka muni.

Magani shi ne ƙara girman kafasitar. Da maikirofarad 220 a kan om 32 iyakar tana sauka zuwa kusan haz 23, asarar da ake yi a haz 50 kuma ba ta kai desibel ɗaya ba. Na yi tunanin sa mai 470, amma ba za ta shiga cikin wannan ɗan gida ba, kuma amfanin da za ta ƙara a kan om 32 kaɗan ne ƙwarai. Na samo waɗannan biyun masu 220 ne a kasuwar Katako, inda ake samun tarkacen kayan lantarki iri-iri, masu jure bolt 6.3 ne, kuma hakan ya wadatar tun da wutar da za su tare ba ta kai bolt 2 ba. Ban kashe ko jika ɗaya ba, wato sefa 1,000 a ƙidayar mutanen nan. Na zaɓi masu rubutun digiri 105 a jiki maimakon masu 85, wato iyakar zafin da aka ƙera su su jure, kuma ina da hujja. Irin wannan kafasita akwai ruwan sinadari a cikinta wanda zafi yake busarwa sannu a hankali, ƙa'idar da masu ƙera ta suke bayarwa kuma ita ce duk ƙarin digiri 10 na zafi yana raba tsawon rayuwarta biyu. A garin da zafin Afrilu da Mayu yake haura digiri 40 a inuwa, na'ura kuma tana yini a aljihu ko a kan teburin keken ɗinki, wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Da na auna tsofaffin da na cire ma, ɗaya daga cikinsu ta riga ta yi ƙasa da abin da aka rubuta a jikinta.

Ku lura sosai da ƙafafu. Irin wannan kafasita tana da ƙafar tarawa (+) da ta ragewa (−), kuma a wannan wuri ƙafar da ke da alamar tarawa ita ce take fuskantar aisi, domin can ne tsayayyar wutar take. A jikin mai siffar ɗan gwangwani, zanen da ke gefe yana nuna ƙafar ragewa ne, amma a jikin ƙananan nan masu launin ɗorawa da ake kira tantalom, zanen yana nuna ƙafar tarawa. Mai gyara da yawa ya juya su saboda wannan saɓani, ita kuwa tantalom idan aka juya ta tana iya fashewa.

Na tsayar da zafin ƙarfen liƙi a wajen digiri 330, kuma ba na barinsa a kan fanel fiye da daƙiƙa biyu zuwa uku, domin dalmar da nake amfani da ita tana narkewa tun a wajen digiri 183 zuwa 190. A gefen hagu na yi gaggawar ɗaga tsohuwar kafasita kafin dalmar ta gama narkewa, sai ɗan faifan tagullar da ke ƙarƙashinta ya ɓamɓaro. Abin ya ɓata mini rai saboda kayan amana ne. Na kankare koren fentin da ke kan layin da bakin reza har tagulla ta bayyana, na liƙa siririyar waya daga nan zuwa ƙafar sabuwar kafasita, na kuma auna da mita na tabbatar hanya ta haɗu. Ga wurin nan, ban ɓoye muku ba, kuma shi ma Baba na nuna masa.

Akwai masu ba da shawarar a cire kafasitar gaba ɗaya a gada wurin da waya. Kada ku yi haka sai kun auna kun ga babu tsayayyar wuta a bakin amfilifayar, domin na'urorin da aka ƙera ba tare da kafasita ba tsarinsu daban ne tun daga cikin aisi. Haka nan ku sani cewa babbar kafasita takan sa a ji ɗan sauti "ɗum" a kunne lokacin kunna na'ura, saboda tana cika da wuta ta cikin iyafis, don haka gara a kunna tukuna sannan a sa a kunne.

Wanda ba ya son buɗe na'urarsa yana da wata hanya, wato ya haɗa ƙaramar amfilifaya ta waje. Wadda ta fi shahara ita ce CMoy, wadda wani mai suna Chu Moy ya wallafa tsarinta a intanet a ƙarshen shekarun 1990, ana gina ta da aisi irin OPA2134 da batir mai bolt 9, ana kuma yawan sa ta cikin gwangwanin alewa. Abin da ya sa take taimakawa a irin matsalarmu shi ne, na'urar ba ta ƙara ganin om 32 a gabanta, sai dai om 10,000 na maɓallin muryar amfilifayar waje, kuma idan kuka maimaita lissafin ɗazu da maikirofarad 47 za ku ga iyakar ta faɗo ƙasa da haz ɗaya. Tsarin asali yana ninka sauti sau 11, amma ni a tawa na sa rezista, wato ɗan abin da ke rage gudun wuta, mai om 10,000 da mai 3,300 don ninkin ya tsaya a wajen sau 4, saboda ƙananan iyafis ba sa buƙatar fiye da haka, ninki mai yawa kuma yana tado da shuuu ɗin da ke bayan kiɗa. Ban ba Baba wannan shawara ba, domin mutumin da ke kan keken ɗinki tun safe ba zai so ƙarin gwangwani da batir a aljihunsa ba.

Game da sayen aisi mai tsada don a musanya na asali, ra'ayina shi ne a yawancin ƙananan na'urori ɓarnar kuɗi ce. A irin wannan ta Baba ma ba zai yiwu ba, tun da amfilifayar tana cikin aisin da ke yin komai. Inda kuma zai yiwu, da yawa daga cikin masu tsadar suna buƙatar wutar da batirin litiyom ɗaya ba zai iya bayarwa ba, ga kuma jabu da ake gogewa a sake yi wa rubutu. Asarar desibel 7 da muka gano da mita da takarda ta fi duk wani bambancin da kunnena ya taɓa ji tsakanin aisi mai kyau da wani mai kyau.

Na mayar da wayar batir, na kwantar da kafasitocin biyu a gefe don murfi ya rufu, kuma ya rufu ba tare da na fafe robar ba. Da la'asar Baba ya shigo bayan an taso daga salla, na miƙa masa na ce, "Baba, ku rage murya tukuna, yanzu ba sai kun ƙure ta ba." Na faɗi haka ne domin na lura rashin kauri ne yake sa shi ƙure murya yana neman ganga, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada baligi ya wuce awa 40 a mako yana sauraro a desibel 80. Ya zauna a kan bencin nan ya sa iyafis, ya yi shiru na tsawon lokaci, sannan na ga yatsunsa sun fara bugun gwiwarsa. Da ya cire sai ya ce, "Ta dawo, ɗana. Allah shi yi maka albarka." Ya kuma shaida mini cewa ƙanensa yana da irinta a Tahoua, za a aiko da ita a mota ranar Lahadi. Idan ta iso zan fara auna iyafis ɗinsa a gabanku, domin idan mai om 16 ne, 220 za ta tsaya ne a wajen haz 45, kuma sai mun nemi yadda mai 470 za ta shiga cikin gidan. Sai mun haɗu a lokacin, in Allah ya kai mu.