Kitse da takalmin damina: lacca a Agege

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To madalla. Abu uku zan faɗa kan shafa wa fata da takalmi mai, in lokaci ya bari.

Na farko, fata in ta rasa mai sai ta tsage. Tun daga lokacin da majemi ya tsoma ta a ruwan toka, ya kankare gashi, ya zuba ta a bagaruwa, man jikinta ya tafi. Shi ya sa majemanmu ke murza mata mai kafin ta isa hannun baduku. Turawan Ingila ma suna da nasu haɗin, dabin suke ce masa: kitse, man kifi, wani lokaci da kakin zuma. Kitse da kaki su tare ruwa, mai ya ratsa ciki ya tausasa. Da shi sojojinsu suka riƙa shafe takalma cikin taɓo a yaƙin 1914 zuwa 1918.

Amma wanda ya fi burge ni shi ne man ƙafar saniya. Mahautan Oko-Oba, ku nake kallo! Ana tafasa ƙashin ƙwauri da ƙafa, mai ya taso, a yaɗe shi. Ku ajiye kitse ku gani, daskarewa yake yi. Wannan kuwa ruwa-ruwa yake zama, ruwa-ruwa, domin ƙafa ta fi gangar jiki sanyi, sai Allah ya yi man wurin yadda ba zai daskare da wuri ba. Subhanallah! Shi ya sa yake shiga fata har ciki. Mu kuma a Legas mun sha ƙafar a farfesu, mun cinye fatar a ganda. (Dariya.) Alhaji, kada ka sunkuyar da kai, tare muka ci.

Na uku... na biyu ne? To, ko na nawa ne. Takalmi ya sha ruwan Yuni, kada a kai shi bakin wuta. Ya bushe a inuwa, sannan a shafa mai kaɗan, don in ya yi yawa a laimar garin nan sai fumfuna.

(Wani mai shushaina: Malam, in na shafa zai yi ƙyalli?)

A'a, ɗana, dusashewa zai yi, har launin ya ƙara duhu. Ma'aikacin banki ya miƙo maka ƙafa a Marina, kada ka kuskura, kuɗinka ma ba zai ba ka ba. Bar shi ga takalmin mai gadi da jakar fata. An kira la'asar ko? Na ukun sai wani zaman.