Kafin Ka Ɗauki Buroshi, Ɗauki Biro

An rubuto wannan ne daga faifan muryar laccar da wani dattijon mai zane ya yi wa matasa masu zane-zane a Kaduna. An rage gaishe-gaishe da maimaici.

Assalamu alaikum. 'Yan'uwanmu Kirista da ke nan, barkanku da zuwa. An ce in yi magana a kan kasuwa, kuma na ji daɗin haka, domin na zaga na duba ayyukan da kuka jingina a bango, na ga hannunku ya faɗa. Wasunku ma sun fi ni lokacin da nake shekarunsu. Abin da ya rage shi ne yadda aikin zai ciyar da ku.

Bari mu fara da tambayar da ke sa mai zane gumi: "Nawa ne?" Mutum ya tsaya gaban zanenka, ya kalla, ya gyaɗa kai, ya ce nawa ne, sai ka hau sosa ƙeya kana cewa, "Haba Alhaji, ai ba ma haka da kai, ka ba da abin da ya sauƙaƙa." To, shi kuwa sai ya ba da abin da ya sauƙaƙa masa. Ku je Panteka ku tambayi mai walda kuɗin ƙofa. Zai zaro tef ya auna tsawo da faɗi, ya ƙirga ƙarfen da za ta ci, ya sa kuɗin wuta da na yaransa, sannan ya buɗe baki. In ka taya ƙasa da haka ya ce albarka, ya koma kan aikinsa, kuma ba wanda zai ce ya yi rashin kunya. Mu ne kaɗai muke jin nauyin yin haka.

Ga lissafin, ku rubuta. Yadin kanbas. Katakon da kafinta ya haɗa maka ka ɗaure yadin. Farin fentin da ka fara shimfiɗawa. Fentin kansa, har da ɗan jan nan da ka matse rabin kwalba saboda rawani ɗaya. Buroshi, domin yana cinyewa. Firem da gilashi in akwai. Man janareta, data, da kuɗin keke zuwa kasuwa da dawowa. Mu ɗauka, misali kawai nake bayarwa, duk sun tashi naira 40,000. Sai kwanakinka. Nan ne kowa ke yin tsalle ya wuce, kamar lokacinsa kyauta Allah ya ba jama'a. Ka tambayi abin da gwanin magini ko fenta ke karɓa a yini a unguwarku, kada naka ya gaza wannan. A ce 10,000 ne, aikin kuma ya ci kwana 6, ka ga 60,000. Jimla 100,000. Har yanzu ba ka ci riba ba, uwar kuɗi ce kawai ka mayar. A kanta za ka ɗora ribarka, ka kuma bar ɗan wurin ragi, tunda mutanenmu ba sa jin sun yi ciniki sai an rage musu wani abu. Idan aka taya 70,000 ka sallama, ka cire kayan aiki, ka yi kwana 6 a tsaye a kan 5,000 kullum. Ka san haka tun kafin ka ce na sallama, sannan in ka ga dama ka sallama.

Wani abu kuma: yawancin fentin da muke amfani da shi daga waje ake shigo da shi, kuɗinsa na bin dala. Kun ga abin da ya faru tun 2023 da aka cire tallafin mai aka kuma saki naira. Saboda haka duk farashin da ka faɗa wa mutum, ka sa masa wa'adi. "Hajiya, wannan kuɗin na sati biyu ne." Kada ta dawo bayan wata huɗu ta ce ai haka muka yi.

Kuma farashinka ya zama ɗaya. Ka tsara shi bisa girman aiki, ƙarami kaza, matsakaici kaza, babba kaza. Kaduna tana da faɗi amma masu sayen zane ba su da yawa, kuma sun san juna. Ka sayar wa wata a Malali da tsada don ka ga motarta, ka sayar wa ƙawarta a Barnawa irinsa a rabin kuɗin, wallahi za su haɗu a gidan biki, kuma ka rasa su duka biyun.

Sai kafin alƙalami. Aikin da aka sa ka, musamman zanen fuskar mutum, kada ka ja layi ko ɗaya sai rabin kuɗi ya shigo. Dalili a fili yake: zanen dawaki in wannan ya fasa wani zai saya, amma fuskar surukin wani wa za ka kai wa? Ragowar kuɗin kuma kafin aiki ya bar hannunka. In an ce an tura, buɗe asusunka ka ga kuɗin da idonka, kada ka dogara da hoton rasit ko saƙon da ya shigo waya, domin ana ƙirƙirar su. Masu aiki da 'yan siyasa, duk lokacin da kakar zaɓe ta matso, za a nemi manyan hotuna. Ku karɓi kuɗinku cif kafin ranar ƙuri'a. Wanda ya faɗi ba ya ɗaga waya, wanda ya ci kuma ba a barinka ka gan shi.

Ba sai kun nemi lauya ba. Saƙo ɗaya a WhatsApp ya isa shaida: girman aiki inci kaza da kaza, da fentin mai ko akirilik ko gawayi, kuɗi kaza, an ba da kaza, za a gama ranar kaza, gyara sau biyu kyauta, na uku da kuɗi, firem da kuɗin mota a kan wane. Ya amsa da "na yarda", ka ajiye. Maganar gyaran nan kada ku raina ta. Akwai wanda zai sa ka rage masa tumbi, ka ƙara masa haske, ka cire furfura, har hoton ya daina kama da shi, sannan ya ce bai yi kama da shi ba. In fentin mai ne, ka ƙara kwanaki a alƙawarinka, domin ba ya bushewa da wuri, balle da damina.

To, wa ke saye? Da yawanku idonku na kan manyan gidajen baje kolin zane na Legas, da irin su bikin baje kolin Art X Lagos da aka fara a 2016. Madalla, Allah ya kai ku. Amma ku dubi garin da kuke ciki. Kaduna garin ma'aikata ne da sojoji: ga makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA, ga Runduna ta Ɗaya, ga sansanin sojan sama, ga Jaji a nan kusa. Ba a rabuwa da canjin wurin aiki da ritaya, kuma kowane ban kwana sai an nemi abin da za a miƙa wa oga a ɗauki hoto. Ga otal-otal da asibitoci masu zaman kansu da bangonsu ke tsirara. Ga masu jeren ɗakin amarya da masu tsara cikin gida. Mutum ɗaya daga cikinsu in ya yarda da kai, ya fi maka mabiya dubu a Instagram. Ku kuma san gidan da za ku shiga. Akwai gidajen da ba za a rataya hoton mai rai ba, amma za a biya kuɗi mai kyau a kan zayyanar aya, ko dagi, ko irin zanen bangon tsofaffin gidajen Zariya. A coci kuma wata kasuwar ce daban. Abuja ma tun 2016 jirgin ƙasa ke tashi daga Rigasa, ka je ka nuna aiki ka kwana a gidanka.

In za ka bar aiki a shagon wani ko gidan baje koli, za su cire la'ada, wasu har rabin kuɗin. Ba zalunci ba ne in su suka kawo mai saye. Amma a rubuta abin da ka bari, da farashin kowanne, da ranar da za a biya ka, ya sa hannu ka sa. Kuma kada ka zagaya ta baya ka sayar wa kwastomansu da araha. Sau ɗaya za ka yi.

Yanzu maganar suna. Duk wanda ke da naira 20 a aljihu ya juya bayanta, zai ga Ladi Kwali tana gina tukunya. Wani Baturen Ingila mai ginin tukwane, Michael Cardew, ya fara ganin tukwanenta ne a gidan Sarkin Abuja, garin da yau ake kira Suleja, kuma a 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da ke can. Daga nan aikinta ya kai Landan. Abu biyu nake so ku lura da su. Tukwanen suna ajiye a inda baƙi ke shiga su gani. Sannan ayyukanta na cibiyar suna ɗauke da hatiminta, LK, shi ya sa har gobe ake gane nata a wurin gwanjo. Haka zanen Tutu na Ben Enwonwu, wanda ya yi a 1974. An gano shi a wani gida a Landan, aka yi gwanjonsa a 2018 a kan fam miliyan 1.2. Na san wannan labarin ne ke hana wasunku barci. Ku tuna dai mai zanen ya rasu tun 1994, kuma da ba a iya tabbatar da cewa nasa ne ba, da bai yi wannan kuɗin ba. Don haka ka sa hannu da shekara a kowane aiki, a baya ka rubuta sunansa da girmansa. Ka sayi littafi mai bango mai kauri, kowane aiki da shafinsa: yaushe aka gama, wa ya saya, nawa, lambar wayarsa. Mutanen cikin littafin nan su za ka fara aika wa hoton sabon aiki kafin duniya ta gani, domin wanda ya taɓa saye ya fi sauƙin sake saye.

Waya kuwa, kun fi ni saninta, ba zan daɗe a kai ba. Ku daina ɗaukar hoton aiki da dare da fitilar waya, ga bokiti a gefe. Ku fito da shi inuwa da safe, ku tsaya daidai gabansa, a ɗauka kafin a sa gilashi. Ku rubuta girma, ku rubuta farashi ko aƙalla inda ya fara. Mutane da yawa kunyar tambaya suke ji, sai su wuce.

Wanda ba shi da kuɗin babban aiki kuma kada a bar shi ya tafi hannu rabbana. Bruce Onobrakpeya, ɗaya daga ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958 tare da su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, da aikin bugawa ya yi suna, aiki ɗaya a fitar da kwafi da dama. Kai ma za ka iya buga kwafi 30 na zanenka a takarda mai kyau, ka sa wa kowanne lamba da hannu. Sharaɗin kawai, in ka ce 30, to 30 ɗin ne. A nan ne dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta shafe ku: wanda ya sayi zanenka ya sayi wannan allon ne, bai sayi ikon buga shi a kalanda ko riga yana sayarwa ba, sai in ka mallaka masa a rubuce. In kamfani na so, wannan wani cinikin ne da kuɗinsa daban. Kai ma a naka ɓangaren, kada ka ɗora hoton matar mutum ko amaryarsa a intanet don talla ba tare da izini ba.

Na ga hannu a baya. Bismillah, 'yata.

Wata matashiya ta ce: "Baba, ni matsalata dangi ne. Kowa sai ya ce in zana masa, in na ambaci kuɗi a ce na cika son abin duniya. Yaya zan yi?"

Allah sarki. Kowa a ɗakin nan yana da irin wannan gwaggon. Kada ki yi faɗa da kowa, zumunci ya fi zane. Ki ware a ranki guda nawa za ki yi kyauta a shekara, ki zaɓi waɗanda za ki yi wa da kanki, irin su mahaifiya da kaka. Sauran ki ce, "Gwaggo, aikin hannuna na bar miki, kayan aiki kawai za ki saya," ki tura mata lissafin yadi da fenti da firem. Ki kuma faɗa mata ainihin kuɗin da kike yi wa bare, don in ƙawarta ta gani a falo ta tambaya, ta san abin da za ta ce. Ranar gamawa kuwa ki sa bayan ayyukan waɗanda suka biya.