Ranar da Birki Ya Nutse a Brands Hatch

Yaya: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau Auta ne da bakin magana, domin ya je ya yi abin da Hajiya ba ta sani ba.

Auta: Haba Yaya, tun ba a je ko'ina ba za ka tona mini asiri? To jama'a, filin tseren motoci na Brands Hatch na je, a yankin Kent na Ingila. Akwai ranakun da ake buɗe wa gama-gari, ka biya kuɗi ka shiga da motarka ta gida.

Yaya: Wato tsere ka shiga.

Auta: Ko kusa. Abin da suka fara gaya mana da sassafe ke nan: yau babu na ɗaya, babu kofi. Auna lokacin zagaye da agogo ma an hana. Sai ka sa hular kwano, a gwada ƙarar salansarka, a koya maka tutoci. Rawaya, ka rage gudu, kada ka wuce kowa. Ja, an tsayar da komai, ka lallaɓa ka fito. Baƙa kuwa kai ake nema, ka fito ka ji laifinka. Wuce mota sai a miƙaƙƙiyar hanya, kuma sai na gaba ya ba ka hanya.

Yaya: Ka ga bambancinsa da wasan motar da yara ke yi a titi ranar biki, ga 'yan kallo a tsaye ba shinge. Nawa irinsu aka jawo mini gareji! To ina jinka.

Auta: Ƙaramin zagayen muka bi, wanda ake kira Indy, kilomita 1.9 ne kawai. Amma kwanar farko, Paddock Hill, ba ka ganin ƙarshenta. Kana karya sitiyari sai titin ya zube gangara, cikinka ya biyo baya. A wannan filin fa aka riƙa yin babbar gasar tseren motoci ta Formula 1 ta Birtaniya har 1986. Daga nan ka haura zuwa Druids, kwana ce mai kamar ƙugiya. A wajenta abin ya faru, zagaye na tara ko na goma. Na taka birki sai na ji kamar na taka soso.

Yaya: Yaushe rabonka da canza man birki?

Auta: Tun da na sayi motar...

Yaya: Shi ke nan, ka dafa shi. Man birki yana shan danshin iska a hankali. Irin man da ake kira DOT 4, in sabo ne, ƙa'idarsa ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma wanda ya sha ruwa ƙa'idar ta sauka zuwa 155. Da ya tafasa sai ya yi kumfa, kumfa kuwa matsuwa take yi, ƙafarka ta tafi har ƙasa mota ba ta ji ba. Ya ka yi?

Auta: Na yi ta famfa shi, na sauke giya, Allah ya sa ba kowa a gabana. Na fito jikina na ɓari, zan ja birkin hannu wani dattijo da ke kusa da ni ya daka mini tsawa.

Yaya: Ya kyauta maka. Faifan birkin na da zafi kamar kaskon suya, ka ɗaure shi sai ya kama. A giya ake barin mota. Kuma kafin ka fito ya kamata ka yi zagaye guda a hankali, iska ta huce ƙarfen.

Auta: Haka ya ce. Shi ya taimaka muka zuƙe tsohon man muka zuba sabo, ya sa geji a tayoyina, iskar ta hau sosai saboda zafi, muka rage. Da rana na biya mai koyarwa ya zauna a gefena minti ashirin. Yaya, mutumin nan bai taɓa ce mini ƙara wuta ba. Abu ɗaya yake ta nanatawa: ɗaga idonka. Ni bonet nake kallo, shi yana so in kalli inda zan fita tun ban shiga kwanar ba.

Yaya: Inda ido ya je nan hannu ke bi. Ko ɗan acaɓa ya san in ka ƙura wa rami ido, cikinsa za ka faɗa.

Auta: Sannan ya sa na riƙa taka birki da wuri, mota tana miƙe, in shiga a natse, in jinkirta karya sitiyari. Ni a raina na ce wannan ai tafiyar hawainiya ce. Sai da na dawo gida na kalli bidiyon kyamarata, na ga zagayen da na ji kamar ina rarrafe sun fi na safe sauri, don ina samun taka totur tun daga tsakiyar kwana, saurin ya raka ni har ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya.

Yaya: Tambaya ɗaya. Da ka daki shinge, wa zai biya?

Auta: Aljihuna. Inshorar titi galibi ba ta shiga filin tsere, akwai ta musamman da ake saya ta yini ɗaya.

Yaya: Ka saya?

Auta: Yaya, lokacinmu fa ya ƙure.

Yaya: Bari in kira Hajiya.