Jawabin Maraba Ga Mai Girma Ministan Lafiya A Sashen Gwajin Magungunan Ciwon Daji

Mai girma Ministan Lafiya, shugaban wannan asibiti, malamanmu, likitoci, ma'aikatan jinya, masu haɗa magunguna, da 'yan'uwan marasa lafiya da ke zaune can baya, assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, a madadin ma'aikatan wannan sashe ina yi maka barka da zuwa, sannu da hanya. Rahotanninmu suna isa teburinka, amma gani ya kori ji, shi ya sa muka ji daɗi da ka tako da ƙafarka.

Aikinmu a nan shi ne matakin farko na gwajin magani. Sabon magani ya fito daga ɗakin bincike, an gwada shi a kan dabbobi, yanzu zai shiga jikin ɗan Adam karo na farko. A yawancin cututtuka akan fara da masu ƙoshin lafiya da suka sa kansu. A ciwon daji ba kasafai ake yin haka ba, domin magungunan suna da ƙarfi. Masu shiga marasa lafiya ne, galibi waɗanda aka yi wa tiyata, aka gasa musu ciwon da na'ura, aka ba su duk maganin da aka sani, ciwon bai ja da baya ba.

Idan ka shiga ɗakin za ka ga kamar ba ma sauri, kuma da gangan ne. Mutum uku muke fara ba, ɗan kaɗan, sai mu zuba ido na tsawon mako uku ko huɗu. In babu wanda maganin ya yi wa illa mai tsanani, a ƙara ma'auni ga wasu uku. In ya taɓa mutum ɗaya, a ƙaro uku a kan wannan ma'aunin a sake dubawa. In ya taɓa biyu, an tsaya ke nan, a koma baya. A ranar farko ma'aikaciyar jinya tana tsaye da agogo a hannu, tana ɗibar jini bayan rabin awa, bayan awa ɗaya, biyu, huɗu, takwas, tana rubuta minti a jikin kowace kwalba. Minti goma ya kuɓuce mata, lissafin yadda magani ke yawo a jini ya karkace. Ni dai a ganina babu wanda ya kai ta riƙe wannan sashe, har da mu masu tsayawa a gaban lasifika.

Kafin allura ta taɓa kowa akwai zama. Tun sanarwar Helsinki da ƙungiyar likitoci ta duniya ta fitar a 1964, duniya ta tsaya a kan cewa ba a gwaji a kan mutum sai da saninsa da yardarsa. Muna karanta masa takardar amincewa da harshen da yake ji, ya tafi gida ya yi shawara, kuma ko ya sa hannu yana iya janyewa gobe ba tare da kulawarsa ta ragu ba. Tambayar da ba ta taɓa faɗuwa ita ce, likita, zan warke? Amsarmu ba ta da daɗi: wannan mataki ma'aunin da jiki zai ɗauka yake nema, kuma mafi yawan magungunan da suka shiga cikinsa ba sa kai wa kasuwa. Da yawa sukan yi shiru, sannan su ce a ba su biro, ko don na baya.

Wani lokaci kuma Allah kan kawo sa'a. A 1998 Dakta Brian Druker da abokan aikinsa a Amurka suka fara gwada wani magani mai suna imatinib a kan wani nau'in sankarar jini. Cikin mutum 54 da suka sha miligiram 300 ko fiye a rana, 53 awon jininsu ya dawo daidai. A 2001 aka amince da maganin, kuma yau mutane suna shekara da shekaru da wannan ciwo suna haɗiyar ƙwaya.

Ba magani kaɗai ake bincika ba, har da kulawa. Wani bincike da aka yi a birnin Boston, aka wallafa a 2010, ya bi mutum 151 masu ciwon dajin huhu da ya bazu. Waɗanda aka haɗa da masu rage raɗaɗi da kwantar da hankali tun daga farko sun fi samun sauƙin rayuwa, kuma sun fi sauran daɗewa da kusan wata uku.

Yallaɓai, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba sabon gini muke roƙo ba. Jinin da aka ɗiba yana kwana a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, wuta ta yi dogon ɗaukewa aikin watanni ya lalace, kuma ba za mu koma mu ce wa mara lafiya a sake ba. Muna roƙon wutar da ba ta yankewa, da kuɗin aiki da ke zuwa a kan kari, da albashin da zai zaunar da ma'aikaciyar jinyar da muka ɓata shekaru muna horarwa.

Yanzu za mu shiga ciki. Za mu roƙe ka, da kai da tawagarka, ku wanke hannu a bakin ƙofa ku sa takunkumi, domin garkuwar jikin wasu daga cikin marasa lafiyar ta yi rauni. Biyu daga cikinsu sun ce suna son gaisawa da kai. Ɗaya ta ce a bar masu ɗaukar hoto a waje, kuma mun riga mun yi mata alkawari. Bismillah, ranka ya daɗe.