Butar da ke Gaya wa 'Ya'ya Cewa Inna Ta Tashi Lafiya

Ku dubi wannan butar da kyau. A ido, butar dafa ruwan shayi ce mai aiki da lantarki, irin wadda gidaje da yawa a ƙasar Japan suke da ita. Sai dai wannan tana da wani aiki na daban. Duk lokacin da mai ita ya danna ya tsiyayi ruwan zafi, tana riƙe lokacin, daga baya saƙo ya isa wayar 'ya'yansa. Tsohuwa tana zaune ita kaɗai a ƙauye, 'yarta tana aiki a Tokyo, tafiyar awanni a jirgin ƙasa. Da hantsi 'yar ta duba waya, ta ga an tsiyayi ruwa ƙarfe shida da rabi na safe, sai hankalinta ya kwanta: Inna ta tashi lafiya, har ta sha shayi. Ranar da aka kai azahar buta ba ta motsa ba, dole ta kira. In ba a ɗaga ba, sai ta roƙi maƙwabciya ta leƙa.

Kamfanin Zojirushi ne ya fito da wannan tsari tun a 2001. Abin da ya sa ƙasa take buƙatar buta irin wannan shi ne labarinmu na yau.

Japan tana da mutum kusan miliyan 124, kuma kimanin kashi 29 cikin 100 nasu sun kai shekara 65 ko sun haura. Fiye da mutum ɗaya cikin goma ya kai tamanin. A 1963, da aka fara ƙirga masu shekara ɗari, mutum 153 aka samu a duk ƙasar. A 2024 sun haura 95,000. Wannan abin alfahari ne, sakamakon abinci mai kyau, tsabtataccen ruwa da asibitin da kowa ke iya zuwa. Amma a ɗaya ɓangaren haihuwa ta ja baya ƙwarai. A 2024 jariran da 'yan ƙasar suka haifa ba su kai 700,000 ba, karon farko tun da aka fara ajiye lissafi. Abin har ya kai a shekarar wani babban kamfani mai suna Oji ya sanar da cewa zai daina yi wa kasuwar Japan ƙunzugun jarirai, ya mai da hankali kan na manya.

Suna da wata kalma, kodokushi, wato mutum ya mutu shi kaɗai a ɗaki ba wanda ya sani, sai bayan kwanaki ko makonni a gano gawarsa. Ƙididdigar 'yan sandan ƙasar ta 2024 ta nuna tsofaffi fiye da 58,000 da ke zaune su kaɗai sun rasu a gidajensu. Duk sanda na karanta wannan adadi sai jikina ya yi sanyi.

Gwamnati ba ta naɗe hannu ba. A 2000 ta kafa inshorar kula da tsofaffi, wadda kowa yake fara biya daga shekara arba'in. Kuɗi ya samu, gidajen kula da tsofaffi sun yawaita, amma masu aikin suka yi ƙaranci. Ma'aikatar lafiyarsu ta ƙiyasta cewa nan da 2040 za a buƙaci ƙarin ma'aikatan kula da tsofaffi kusan 570,000. Ƙasar da ta shahara da ƙera na'urori kuwa, ba mamaki ta fara tunanin mutum-mutumi.

Ga Robear, wanda cibiyar bincike ta Riken ta nuna wa duniya a 2015. Ƙato ne mai fuskar dabba, da hannaye biyu da aka yi domin su ciccibi tsoho daga gado su ɗora shi a keken marasa lafiya. Hotonsa ya zagaya duniya. Amma bai taɓa shiga kasuwa ba, a ɗakin gwaji ya tsaya. Ga Pepper na kamfanin SoftBank, wanda ya fito a 2014, yana magana, yana jagorantar tsofaffi motsa jiki da waƙa. Shi ma an dakatar da ƙera shi a 2020.

Wani mai bincike, James Wright, ya zauna a wani gidan tsofaffi a Japan yana kallon yadda ake gwada irin waɗannan na'urori. Abin da ya gani yana da muhimmanci. Na'urar ɗaga mutum, ma'aikata sun yi 'yan kwanaki da ita suka jingine ta a lungu, domin kafin a turo ta, a saita ta, a ɗora mutum, an ci lokacin da hannu biyu za su gama aikin. Kuma su kansu sun fi son su ɗaga mutum da hannunsu. Mutum-mutumin motsa jiki kuwa sai an tsaya kusa da shi, a kunna, a yi caji, a goge, a mayar. Maimakon a rage wa ma'aikaciya aiki, an ƙara mata wani abin reno.

Dalili a fili yake ga duk wanda ya taɓa jinyar tsoho. Ɗaga dattijo daga shimfiɗa ba ɗaukar buhun masara ba ne. Sai ka san wace kafaɗa ce ke masa ciwo, ka lura yau jikinsa ya fi jiya zafi, ka ji numfashinsa ya sauya, ka kare masa mutuncinsa lokacin da kake canza masa tufa. Fatar tsoho tana da laushi, ƙashinsa ba ya son wasa. Na'urar da za ta iya duk wannan, a farashin da gidan tsofaffi zai iya biya, har yanzu ba ta zo ba.

Akwai wanda ya ɗan yi nasara a cikinsu. Sunansa Paro, injiniya Takanori Shibata ne ya ƙera shi da siffar jaririn wata dabbar teku mai farin gashi. In ka shafa shi sai ya lumshe ido ya yi ɗan kuka. Ana ba masu ciwon mantuwa su rungume, kuma da yawansu sukan samu natsuwa. Ni dai zuciyata a rabe take a kansa. Ina murna da duk abin da zai kwantar wa tsohuwa hankali, amma ina jin ciwo idan na tuna jikanta ya kamata ya kasance a cinyar tata.

Fasahar da ta fi yin aiki a gidajen nan ba ta cika fitowa a talabijin ba. Ku biyo ni aikin dare. Ƙarfe biyu, ma'aikaciya ɗaya ce ke kula da dogon layin ɗakuna. Da, sai ta bi ɗaki-ɗaki tana buɗe ƙofa, tana haska fitila, tana tada waɗanda barci ya ɗauka da ƙyar. Yanzu akwai wani siririn faifai da ake shimfiɗawa ƙarƙashin katifa, yana auna numfashi da bugun zuciya da motsi. A allon da ke gabanta tana ganin wane yana barci, wane ya farka, wane yana ƙoƙarin saukowa daga gado. Wurin na ƙarshen za ta ruga, domin faɗuwa ɗaya ta isa ta karya wa tsoho ƙugu, kuma da yawa ba sa sake miƙewa daga wannan karaya. Akwai kuma wata 'yar na'ura mai suna DFree da ake mannawa a mara, tana auna cikar mafitsara, ta sanar kafin fitsari ya kufce. Ƙaramin abu ne, amma ku tambayi dattijon da ya daina jiƙa shimfiɗarsa a gaban mutane abin da ya dawo masa da shi.

Masu ciwon mantuwa kuwa, kusan mutum 19,000 aka kai rahoton ɓacewarsu ga 'yan sandan Japan a 2023. Garin Iruma, kusa da Tokyo, tun 2016 ya fara manna musu wata 'yar lamba a farce, wadda za a haska da waya a san ofishin da za a kira.

Sai ɓangaren asibiti, inda ƙirƙirarriyar basira take shigowa da ƙarfi. Abin da ta fi ƙwarewa a kai shi ne duba hoto. A 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wata manhaja da ke duba hoton bayan ido, ta gano ko ciwon suga ya fara lalata shi, ba tare da likitan ido yana wurin ba. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a riƙa amfani da manhaja wajen karanta hoton ƙirji don tantance masu tarin fuka, kuma ana amfani da irinta a Najeriya. Agogon hannu ma yanzu yana iya faɗakar da mai shi cewa bugun zuciyarsa ya rikice, irin rikicewar da ke haifar da shanyewar ɓarin jiki. Amfanin duk waɗannan ɗaya ne: a kama cuta tun tana ƙarama. Bambanci ne tsakanin shekara ashirin na tsufa a kan ƙafa da shekara ashirin a kan gado.

Magani ma yana tafe, amma da tsada. A 2023 Amurka da Japan sun amince da lecanemab, na kamfanonin Eisai da Biogen, don masu cutar Alzheimer, wani nau'in ciwon mantuwa, da ke matakin farko. Ba ya warkarwa. A gwaji ya rage saurin taɓarɓarewar ƙwaƙwalwa da kimanin kashi 27 cikin 100 a wata 18, kuma yana iya jawo kumburi ko zubar jini a ƙwaƙwalwa, don haka sai ana ɗaukar hoto a kai a kai. Farashinsa a Amurka dala 26,500 ne a shekara. Ku lissafa wannan da naira, sannan ku tuna ɗan fanshon da ke jiran haƙƙinsa wata da watanni.

Wani zai ce, mu ina ruwanmu? Rabin 'yan Najeriya ba su wuce shekara goma sha takwas ba, Nijar ma tana cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan yara a duniya. Gaskiya ne. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nan da 2050 masu shekara sittin zuwa sama za su kai biliyan 2.1, kuma kashi 80 cikin 100 nasu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita za su kasance. Faransa ta ɗauki kusan shekara 150 kafin tsofaffinta su tashi daga kashi 10 zuwa 20 cikin 100. Barazil da Sin da Indiya shekara ashirin da 'yan kai za su yi. Japan ta yi arziki kafin ta tsufa, ƙasashe da dama kuwa tsufa zai riske su aljihu bai cika ba. Wanda aka haifa a 1990, yana kallon wannan bidiyo yanzu, a 2050 zai cika sittin.

Kuma fasahar ba daga can kaɗai take gangarowa ba. Jirage marasa matuƙa na kamfanin Zipline a Ruwanda suka fara kai jini asibitocin karkara a 2016, suka shiga Gana a 2019, suka fara aiki a jihar Kaduna a 2022. A shekarar ce kuma irin waɗannan jirage suka fara kai magani tsibiran Goto na Japan, inda matasa suka yi ƙaura suka bar iyaye. Abin da aka goge a Afirka, shi ya je ya yi wa tsofaffin Japan amfani.

Mu a wurinmu, kai iyaye gidan tsofaffi abin kunya ne, kuma ina fatan mu riƙe wannan. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya game da wanda ke ɗauke da nauyin. Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, 'ya'ya maza suna Abuja da Legas suna turo kuɗi, su kira da daddare: “Yaya jikin Baba? Allah Ya ƙara sauƙi.” Wadda ke juya shi duk bayan awa biyu don kada bayansa ya yi gyambo, ta wanke shimfiɗa, ta dama kunu ta ba shi a baki, cikin zafi ba wuta, yawanci mace ɗaya ce: matarsa da ita ma ta manyanta, ko 'yarsa, ko surukarsa. Ba albashi, ba hutu, ba wanda ya koya mata yadda ake ɗaga mutum ba tare da ta ji wa bayanta ciwo ba.

Ita ba mutum-mutumi take nema ba. Da an samu na'urar awon hawan jini a gidan tun shekara biyar da suka wuce, da wanda zai duba sakamakon ta waya ya ce a ƙara magani, wataƙila da Baba yana tafiya masallaci da ƙafarsa. Yanzu kuwa tana buƙatar katifar da ke hana gyambo, fanka mai aiki da hasken rana, da ma'aikaciyar jinyar da za ta ɗaga waya ƙarfe uku na dare ta ce mata, “Hajiya, juya shi ta hagu, ki gaya mini yadda yake numfashi.”

Japan kanta, bayan duk kuɗin da ta zuba a mutum-mutumi, mutane ta koma nema. Ta fara karɓar ma'aikatan jinya daga Indonesiya a 2008, daga Filifin a 2009, daga Biyetnam a 2014, sannan a 2019 ta buɗe sabuwar biza da ta haɗa da masu kula da tsofaffi. Yau idan faifan ƙarƙashin katifa ya yi ƙara a tsakar dare a wani gidan tsofaffi, sau da yawa wadda ke tasowa da sauri yarinya ce daga tsibirin Java, da ɗankwalinta, wadda ta koyi Japananci don wannan aiki, ta kuma baro tata kakar a gida.